Awabu Mai Cizon Goro

"Haƙori ne fa, ba naƙuda ba," in ji Alhaji Sulemana. "Wa kika taɓa ji haƙori ya kashe?"

"Kawu, yau kwana tara Mma ba ta tauna komai ba sai goronka," in ji Fatimata, 'yar yayarsa.

"To ai tana taunawa."

Bai ko juyo ba. Yana tsaye gaban madubin da ya rataya a ginshiƙin baranda, yana zura wani farin zare tsakanin haƙoransa kamar yadda likitansa ya koya masa. Haƙoran Makka biyu ne a bakin. Tun da ya dawo da su, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya yi murmushi.

Fatimata ta matso kusa da shi. Ta ce, "Gobe Asabar za ka unguwar Kanda wajen likitanka. Bayan motarka babu kowa. Ka tafi da ita, don Allah."

"Kin ɗauka likitana mai cire haƙori ne na bakin tasha? Sai da alƙawari ake ganinsa." Ya tofar, ya duba zaren. "Kuma mutanen nan na san su. Suna ganin baki, sai cirewa. In an cire, wa zai ciza mini goro? Motar da ke kai goro Ikko ranar Laraba take tashi. Bayan Laraba a yi magana."

"In ta kai Laraba."

Sai yanzu ya juyo. "Ke, Fati. Yayata ce kafin ta zama uwarki. Kada ki koya mini son ta."

Awabu tana jin su. Tana zaune a ƙarshen tsakar gida inda ta saba zama, kwandunan goro sun kewaye ta, ta ɗaure muƙamuƙinta da tsohon ɗankwali. Wannan shi ne aikinta a gidan ƙanenta tun da mijinta ya rasu. Kowane kwando da aka sauke daga ƙasar Asante, ita za ta tsinci ƙwaya huɗu ko biyar, ta sa a turmin haƙorinta na hagu, ta ciza. Daga ƙarar fashewar da ɗacin da ya biyo baya take sanin wanda ya ƙosa, da wanda aka tsinka ɗanye, da wanda sankara ta fara ci ta ciki alhali bayansa sumul. Wanda ta ɗaga wa kai, a naɗe shi da ganye a ɗaure. Wanda ta girgiza wa kai, a ware. Shekara goma sha tara ba a taɓa mayar wa Alhaji da kaya daga Ikko ba. 'Yan kasuwar unguwarsu, Nima, suna cewa Alhaji Sulemana yana da ido a kan goro. Shi kuma sai ya yi murmushi.

Turmin haƙorin ne ya tsage. Ya yi kogo, ya yi baƙi, yanzu kuma kumburi ya fara sauka ƙarƙashin haɓa.

"Bar shi, Fati," ta ce da rabin baki, da 'yarta ta zo ta tsuguna. "Sule ba mugu ba ne. Kai ne ya yi masa zafi. Ni na goya shi. Da uwarmu ta rasu ko haƙori ɗaya ba shi da shi, ni nake tauna nama in sa masa a baki."

"Na sani, Mma. Kin faɗa mini sau ɗari. Shi ne bai taɓa faɗa ba."

Ranar Asabar Alhaji ya fesa turare ya tafi Kanda shi kaɗai. Ba ciwo ya kai shi ba. Duk wata shida yake zuwa a duba shi, a kankare masa jan goro, a goge masa zinariyarsa. Ya dawo bakinsa yana ƙamshin na'ana'a, ya tara gida da labari. Wata mata daga jami'a tana bincike a kan asibitocin haƙori masu zaman kansu, tana son ta san ko suna koya wa mutane tsare baki tun kafin ya lalace, kuma ko koyarwar tana isa gida. Likita ya ce a cikin duk masu zuwa wajensa babu kamar Alhaji Sulemana. Matar za ta zo ranar Talata da safe.

"A share gidan nan," ya ce. "A wanke bakin gotar nan. Yara su zauna a gida, kada wanda ya je makaranta."

Ranar Lahadi Awabu ta kasa shan koko sai da cokali. Hajiya Mulikatu, matar Alhaji, ta leƙo ɗakin bayan da uwa da 'ya suke kwana, ta tsaya daga bakin ƙofa tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Yaya, ke ma da raki. Tsutsa ce kawai. Ni da nake da cikin Auta haka na yi, ruwan batir na ɗiga, ko kwana biyu ba a yi ba."

"Hajiya, ruwan batir a bakin mutum?" in ji Fatimata.

"Ke da kika yi makaranta sai ki kawo naki. Asibiti kuma, kin san in suka taɓa haƙorin da ya kumbura, ido ke mutuwa. Kowa ya san wannan. Alhaji tausayinta yake ji."

Ta aika wajen Wasiu mai gyaran mota aka kawo a 'yar kwalba. Fatimata tana shagon ɗinkin da take aiki aka ɗiga. Da ta dawo da la'asar ta tarar dasashin uwarta ya yi fari, ya saluɓe kamar fatar da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Awabu tana zaune cikin kwanduna. Ta koma cizo da ɓangaren dama, hawaye na bin kumatunta, tana ɗaga kai, tana girgiza kai.

Ranar Litinin Fatimata ta ƙi zuwa shago. Ta ɗauko mayafin uwarta da takalmanta ta ajiye a gabanta.

"Tashi, Mma. Ba sai motarsa ba. Mu hau trotro, motar haya, mu je asibitin gwamnati, mu bi layi kamar kowa."

Awabu ta kalli takalman. Ta kalli kwanduna goma sha ɗaya da suka rage. Kafin ta ce wani abu inuwar Alhaji ta faɗo a kansu.

"Ina za a?"

"Asibiti, Kawu."

"Da izinin wa?" Muryarsa a kwance. "Wato a ga yayar Alhaji Sulemana a layin asibitin talakawa, fuska kamar ƙwarya, a ce ƙanenta ya kasa. Abin da kike so ke nan. Na ce bayan Laraba ni da kaina zan kai ta inda manya suke zuwa. Amma in kin matsu, bismilla. Sai dai ƙafar da ta fita da ita, ta haɗa da tabarmarku." Ya juya wajen Awabu, ya sassauta murya. "Yaya, na taɓa hana ki wani abu? Kwana biyu kawai. Ki rufa mini asiri."

Awabu ta sa ƙafa ta ture takalman gefe.

Da safiyar Talata kumburin ya cika ƙarƙashin haɓar daga kunne zuwa kunne. Fatimata ta taɓa, ta ji shi da tauri kamar katako, da zafi kamar murfin tukunya. Bakin ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu. Wari kuwa, ko turaren wuta da Hajiya ta bi gida da shi bai danne shi ba.

Alhaji ya zo bakin ƙofa cikin babbar riga mai aiki. "Yaya, yau ki huta a ɗaki. Baƙuwa na zuwa, kada hayaniya ta dame ki." Ya ja ƙofar da kansa.

Awabu ta kama wuyan hannun 'yarta. Maganarta ta koma kamar ta wanda ya cika baki da tuwo mai zafi, amma Fatimata ta ji kowace kalma.

"In kika tona masa asiri gaban baƙuwa, ban yafe miki nonona ba."

"Mma…"

"Rantse."

Ta rantse.

Baƙuwar ta iso da ƙarfe goma, da jaka da tarin takardu. Madam Akwele sunanta, 'yar ƙabilar Ga ce, amma a Maamobi, maƙwabciyar Nima, ta yi ƙuruciya, tana jin Hausar unguwa. Aka shimfiɗa mata darduma a baranda. Alhaji ya sa aka jera kayansa a kan tire: burushi biyu, man goge baki na kanti, zaren nan, kwalbar ruwan kurkure baki, da katin asibiti mai hatimi goma sha biyu, ba fashi ko ɗaya. Yaransa uku suka jeru suka buɗe baki aka leƙa.

"Alhaji, me ya sa kana zuwa likita ko ba ka ciwo?" in ji Madam.

"Madam, mu Hausawa muna da magana. Rigakafi ya fi magani." Ya dakata don ta rubuta. "Matsalar mutanenmu na Zongo jahilci. Sai abu ya ruɓe su kwaso shi. Ni kullum ina faɗa musu a masallaci, haƙori amana ne. Ka ji ɗan tsami kaɗan, kada ka kwana, ruga wajen likita."

"Kai, Alhaji! Da kowa kamar kai ne, da aikinmu ya ƙare."

Ya yi murmushi. Zinariya ta kama rana.

Fatimata ce ke kawo lemo a kan tire. Tsakanin baranda da ƙofar da aka rufe taku goma sha biyu ne. Ta ƙirga su da ido.

"Mutum nawa a gidan?"

"Bakwai." Ya lissafa su da suna, Madam tana rubutawa. Na ƙarshe ya ce, "Sai yayata Awabu. Ni ke riƙe da ita. Zumunci, kin gane."

"Tana ina?"

"Tana hutawa. Tsufa."

Shekarun Awabu hamsin da biyu.

Madam ta juya shafi. "A cikin bakwai ɗin nan, akwai wanda haƙori yana damunsa yanzu?"

"A gidana?" Alhaji ya yi dariya har da dukan cinya. Hajiya ta taya shi daga bayan labule.

Madam ta ɗaga kai ta dubi mai tire. "Ke fa, 'yar'uwa? Kowa lafiya?"

Fatimata ta ji idon kawunta a gefen fuskarta. Ba idon ne ya riƙe ta ba. Wuyan hannunta ne, inda yatsun uwarta suka bar zafi.

"Lafiya lau," ta ce.

Madam ta sa alama a takarda. Ta ɗauki hoton Alhaji riƙe da burushi. Ta ce za ta dawo da 'yar kyauta in ta gama zagaye. Ya raka ta har titi, yana nuna mata inda za ta taka a tsallake gota.

Ranar Laraba tun da hantsi masu dako suka cika gida. Saura kwando uku ba a ciza ba. Aka fito da Awabu aka jingina ta da bango, don ta daina iya kwanciya, in ta kwanta numfashi ya tsaya. Yawu na zuba a ƙirjinta. Harshenta ya kumbura ya tokare sama. Alhaji ya tsuguna a gabanta, abin da Fatimata ba ta taɓa gani ba, ya miƙa mata ƙwayar goro. Ba ta shiga ba. Ya ɓare ta biyu. Ba ta shiga ba. Sai ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya yanka siriri kamar farce, ya zura tsakanin haƙoranta da yatsunsa masu zobe.

"Ko da harshe ki taɓa, Yaya. Ke ai ko ƙamshi ya ishe ki."

"Kawu, ka ji tsoron Allah!"

"Rufe mini baki. Direba na jira."

Awabu ta rufe ido. Can ta ɗaga kai. Na biyu ta ɗaga kai. Na uku ta daɗe, sannan ta girgiza. Aka ware kwandon. Ko a wannan halin ba ta yarda a cuci ƙanenta da goro ɗaya ba.

Mota ta tashi da azahar. Fatimata ta tare shi yana wanke hannu da sabulu, yana wankewa yana sakewa.

"Laraba ta yi."

"Na gani. Likita ba ya ganin kowa sai da alƙawari, na gaya miki. Asabar in Allah ya kai mu. Ki ba ta kanumfari." Ya shanshana yatsunsa, ya ƙara sabulu. "Ni ma jikina duk ciwo yake, ban ce wa kowa ba."

Da gari ya waye ranar Alhamis Awabu ba ta da murya. Numfashinta yana fita da wani siririn fito. Yanzu ba ta da bakin da za ta hana, ba ta da bakin da za ta ce a rantse. Fatimata ba ta tambayi kowa ba. Alhaji ya tafi kasuwa da motarsa, Hajiya ta ce ita ba ta shiga abin da maigida bai sa ta ba. Fatimata ta fita lungu ta kira mata biyu masu tuyar ƙosai, suka ɗora Awabu a kujerar katako, suka bi lungunan da ko keke ba ya wucewa, suna tsallake gota, har titi. Tasi uku suka tsaya, suka ga fuskar, suka wuce. Na huɗu ya ɗauka.

A babban asibiti ba a sa su layi ba. Wani matashin likita ya taɓa wuyan, ya yi kira da ƙarfi, aka turo gado. Kafin su shige ya juyo wajen Fatimata, wata nas tana fassara.

"Yana tambaya tun yaushe."

"Kwana goma sha biyar."

Likitan ya yi magana a gajarce. Nas ɗin ta fassara. "Ya ce da makon jiya ne, aikin minti ashirin ne. A cire, a ba ta ƙwayoyi, ta koma gida."

Sun tsaga maƙogwaro don iska ta samu hanya. Dafin ya riga ya sauka ƙirji. Kafin la'asar aka miƙo wa Fatimata ɗankwalin da ke ɗaure da muƙamuƙin.

Jana'iza ta yi jama'a, don Alhaji mutum ne na mutane. Ya zauna a tsakiyar tabarma da carbi, ido jawur. Fatimata tana jin sa ta taga yana karɓar gaisuwa.

"Wallahi ɓoye mana ta yi. Kun san Yaya da zurfin ciki."

"Na riga na yi mata alƙawari da likitana, ranar Asabar. Kwana ya ƙare."

"Yarinyar ce ta yi gaggawa ta kai ta inda ɗalibai ke koyon yanka. Amma ba na ganin laifinta, ƙuruciya ce."

A ɓangaren mata Hajiya Mulikatu tana cewa ita tun farko ta san ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa, don arzikin Alhaji ya tsone wa mutane ido. Mata suna ta "Allah ya isa". Aka raba goro faranti-faranti. Daga kwandon nan na uku aka ɗebo, wanda Awabu ta girgiza wa kai. Masu makoki suna ɓarewa suna ganin baƙi a ciki, suna jefarwa a gota a ɓoye don kada su kunyata mai gida.

Fatimata ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Kalma biyu ne suke yi mata yawo a kai, tana wanke-wanke, tana salla, tana taka keken ɗinki. Lafiya lau. Da bakinta ta faɗa, bakin da babu abin da ya same shi.

Kwana ashirin bayan haka sabon kaya ya sauka daga Asante. Kwanduna suka cika ƙarshen tsakar gida, suka kewaye wurin zaman da babu kowa. Alhaji ya yi ta zagaya su da safe. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai baki, ya tuna da zinariyarsa da gargaɗin likita, ya fasa. Sai ya kira Fatimata.

"Zo nan, 'yata. Buɗe bakinki in gani."

Ba ta buɗe ba.

"Haƙoran uwarki gare ki, ƙwarara. Abin nan a jini yake. Ki bar wahalar ɗinkin nan, ki zauna a gida cikin rufin asiri. Ɗakin ma na bar miki." Ya miƙo mata goron a tafin hannu. "Ciza mu ji."

Hannun yana miƙe aka yi sallama.

Madam Akwele ce, da jakarta da fara'arta. Ta ce binciken ya kammala, kuma a cikin gidaje sittin da ta shiga, gidan Alhaji ne ya zo na ɗaya. Ta ba shi hotonsa. Ya jefa goron a kwando ya karɓa da hannu biyu, murmushin ya dawo wurinsa kamar bai taɓa tafiya ba. Hajiya ta fito, yara suka fito.

"Na kawo wa kowa burushi," in ji Madam, "da takarda. Duk mai takardar nan zai je wajen likitan Alhaji a duba shi kyauta, ba sai da alƙawari ba. Likita ya ce ai tun da can ya gaya wa Alhaji, iyalinsa ko yaushe su zo, ƙofa a buɗe take."

Fatimata ta dubi kawunta. Shi hoton yake kallo.

Madam ta buɗe takardarta tana kiran suna. Alhaji ya karɓa. Hajiya ta karɓa. Yara uku suka karɓa suna rige-rige a kan launi. Fatimata ta karɓi nata, ta riƙe shi kamar an ba ta garwashi.

Saura ɗaya, kore, a cikin ledarsa. Madam ta bi layin ƙarshe da yatsa. Ta ɗaga kai ta dubi baranda, ta dubi kwanduna, ta dubi ƙofar ɗakin baya da ke buɗe, tabarma ɗaya a naɗe a jingine.

"Saura Awabu," ta ce, tana miƙa burushin a tsakiyarsu. "Har yanzu tana hutawa ne?"